Malam Isyaku Mai Rediyo da Eriyar Gidan Barebari

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a Ƙofar Wambai cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya a ce bai san Malam Isyaku ba. Rumfarsa tana tsakanin masu robobi da masu gwanjo, 'yar ƙarama ce, mutum biyu ba sa zama a ciki sai ɗaya ya miƙo ƙafa waje. Shi gajere ne, baƙi, mai furfura a gemu, tabarau ɗinsa ɗaure da siririyar waya ta gefe guda. Yau shekarunsa sittin da ɗaya. Gidansa yana wani lungu a bayan Ƙofar Mazugal, gidan gado ne, a nan aka haife shi, kuma har yanzu da ƙafa yake zuwa kasuwa ya koma.

Ya koyi gyara tun yana saurayi a hannun wani Malam Mikail, zamanin rediyo mai akwatin katako. Abin da ya fito da shi kunne ne. Sai ya kunna rediyo, ya kara kunnensa, ya ce maka ga inda ciwon yake tun bai kwance ko ƙusa ɗaya ba, kuma galibi hakan take. Ba shi da yawan magana. In abu ya fi ƙarfinsa sai ya ce ya fi ƙarfinsa, ya miƙa maka kayanka. Saboda haka mutane suka riƙe maganarsa da nauyi. In aka ce Malam Isyaku ne ya faɗa, to an gama musu.

Da wayar hannu ta cika gari, masu kawo rediyo suka ragu. Sai ya koma gyaran amfilifaya da lasifikar masallatai, da makirufo marar waya, da oba-obar 'yan sintiri. Bai taɓa zama ba aiki ba, amma yakan ce kayan yanzu ba sa son a taɓa su, an dunƙule komai cikin 'yar baƙar ƙwaya ɗaya wadda ba ta buɗuwa.

Cikin 'ya'yansa shida, Bahijja ce kaɗai ta ɗauko hannunsa. Tun tana firamare in ya zo da aiki gida ita ce mai ware masa ƙananan kaya cikin murfin gwangwani. Ta yi karatun injiniyan lantarki a jami'a, abin da ya fi komai faranta masa rai duk da bai taɓa faɗa a gabanta ba. Da za ta tafi bautar ƙasa Ilori, ta bar masa tsohuwar kwamfutarta ta hannu da wata 'yar na'ura da ba ta fi ɗan yatsa ba. Ana soka ta a jikin kwamfutar, a ɗaura mata 'yar eriya, sai duk tashar da ke yawo a iska ta fito a allo kamar tsauni, mai ƙarfi dogo, marar ƙarfi gajere. Ta nuna masa yadda ake rubuta lambar tashar da ake nema. Ya rubuta ta wata tashar cikin gari, tsauninta ya tashi, muryar mai labarai ta fito. Ya yi murmushi.

Ta ce, "Baba, saura wasu abubuwa da ya kamata in nuna maka a ciki."

Ya ce, "Bahijja, ni za ki koya wa rediyo? Jeki ki haɗa kayanki."

Da wasa ya faɗa, ita ma ta yi dariya ta tashi.

Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya zo. Masallacin lungunsu ya sayi makirufo marar waya don tafsirin bayan la'asar, saboda malamin ya tsufa, ba ya son waya tana harɗe masa hannu. Matan lungu daga cikin gidaje suke saurare ta lasifikar da ke kan soro. Kwana uku aka yi lafiya. A rana ta huɗu, tafsiri bai kai rabin sa'a ba sai muryar malam ta fara dishewa, tana yankewa tana dawowa, har ta koma ba a gane komai. Washegari ma haka. Alhaji Hashim, shugaban kwamitin masallaci, ya aika aka kira Malam Isyaku.

Da hantsi ya je. Ya canja batir, ya gwada, murya tas. Ya zagaya har ƙofar masallaci yana magana, babu ko tari. Da la'asar kuma abin ya dawo. Kwana biyu yana zuwa da safe yana samun komai lafiya, sai ya yanke a ransa cewa ciwon ba daga kayan masallaci yake ba. Wani ne a kusa yake kunna wani abu da yamma, yana hawa kan zangon makirufon. Ya gaya wa Alhaji Hashim haka, ya ƙara da cewa yana da na'urar da za ta nuna ko wane ne.

Ranar tara ga azumi, ana idar da la'asar, ya buɗe kwamfutar a ƙofar masallaci. Ya sa aka kashe makirufon, ya rubuta lambarsa. Sai ga wani siririn layi tsaye a tsakiyar allo, kamar tsinke, daidai kan lambar da ya rubuta.

Ya ce, "Kun gani? Makirufonmu a kashe yake, amma ga wani a kan hanyarsa."

Mutane suka matso suna leƙe. Ya ɗauki kwamfutar a hannu biyu ya shiga lungu a hankali, dattawa biyar ko shida suna biye da shi. Rana tana dukan na'urar, ta yi zafi har ba ta taɓuwa. Yana tafiya yana ganin tsinken yana ɗan ƙara tsawo. Da suka kai ƙarshen lungu ya ɗaga kai, sai idonsa ya sauka kan wata doguwar gora da ke tsaye a soron gidan ƙarshe, waya ta taso daga kanta ta faɗa tsakar gida.

Gidan Malam Abdulbaqi ne, wanda ake kira gidan Barebari. Kakansa ne ya zo Kano daga Borno neman karatun Alƙur'ani, ya zauna, aka ba shi fili a nan. Shi Abdulbaqi a ɗakin da ke kusa da zaure aka yanke masa cibiya. Sana'arsa wankin hula da sayar da ita, matarsa Turai kuma tana haɗa turaren wuta, matan unguwa suna shiga saye. Da shi da Malam Isyaku allo ɗaya suka yi karatu a makarantar zaure. Mahaifiyar Abdulbaqi, Iya Fanna, daga Borno aka auro ta shekara sittin da suka wuce. Idonta ya tafi, ƙafa ta yi nauyi, abin da ya rage mata na jin daɗi shi ne wani shiri da harshen Kanuri da ake kamawa a gajeren zango safe da yamma. Don shi aka kafa gorar. Malam Isyaku ya san wannan sarai, domin shi ya gyara rediyon tsohuwar har sau biyu, shi ne ma ya ba da shawarar a ƙara wa wayar tsawo.

Alhaji Hashim ya yi sallama. Malam Abdulbaqi ya fito da kumfar sabulu a hannu, ya ga taro a ƙofarsa, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji Hashim ya ce, "Malam Abdulbaqi, abin da ke yanke mana tafsiri ne aka biyo, na'ura ta kawo mu nan."

Malam Abdulbaqi ya dubi gorar, ya dubi Malam Isyaku. Ya ce, "Rediyon Iya ne. Malam Isyaku ya san shi. Rediyo ai ji yake yi, ba ya aikawa. Ko ba haka ba, Malam?"

Duk aka juyo ana kallon Malam Isyaku. Ya san gaskiya mutumin ya faɗa. Amma ga tsinke a allo, ga dattawa sun biyo shi tun daga masallaci, shi kuma bai saba a ga ya ɗauko hanya ya dawo hannu wofi ba.

Ya ce, "Ni dai abin da na'ura ta nuna nake faɗa. A nan ya fi ƙarfi."

Malam Abdulbaqi ya goge hannunsa a jikin riga, ya shiga gida. Suna tsaye suka ga ya hau soro da azumi a bakinsa, ya kwance gorar, ya naɗe wayar a hannu kamar igiyar guga. Ya sauko ya ajiye su a gaban Alhaji Hashim, ya koma ciki ya saki labulen zaure.

Washegari tafsiri ya sake yankewa, daidai lokacin da ya saba. Bayan an tashi wani ya tambayi Malam Isyaku yaya ke nan, ga shi an sauke eriya. Nan ne ya faɗi maganar da har yau in ya tuna ta yakan rufe ido. Ya ce, "Wanda ke da ta soro ai ba ya rasa ta ɗaki."

Maganar ta shiga unguwa. Kafin kwana uku ta canja kama. Aka daina zancen tafsiri, aka koma tambayar da wa mutumin Borno yake magana a ɓoye, kuma me yake gaya musu. A shekarun nan na rikicin Borno kowa ya san nauyin irin wannan tambaya a kan Babarbare. Ba wanda ya fito ya faɗa a gabansa. Sai dai masu kawo wankin hular salla suka ragu, mata suka ɗauke ƙafa daga wajen Turai, in ya shigo sahu sai na kusa da shi ya ɗan gyara tsayuwa. Daga sha biyar ga wata ya daina salla a masallacin lungu, ya koma tsallaka titi zuwa wani. Malam Isyaku yana jin duk abin da ake faɗa. Ya gaya wa kansa cewa shi bai ce haka ba, abin da ya gani kawai ya faɗa.

Saura kwana huɗu salla Bahijja ta dawo hutu. Washegari da hantsi tana tsakar gida tana taya mahaifiyarta Ladi tankaɗen fulawar cincin, sai ya fito da kwamfutar, yana son ya nuna mata aikin da na'urarta ta yi. Ya ba ta labari tun daga farko. Ladi ba ta ɗago kai daga rariya ba. Ya rubuta lambar makirufon, tsinken ya fito.

Ya ce, "Ga shi nan. Har daga nan gidan ana kama shi."

Bahijja ta kakkaɓe hannunta, ta durƙusa kusa da shi. Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ce, "Baba, in taɓa?"

Ya tura mata. Ta kwance 'yar eriyar daga jikin na'urar ta ajiye a kan tabarma. Duk ƙananan tsaunukan da ke gefe suka kwanta. Tsinken yana nan tsaye. Ta goge lambar makirufon ta rubuta wata can nesa, inda babu kowace tasha. Tsinken yana tsakiya. Ta sake rubuta wata. Yana tsakiya.

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ba daga waje yake zuwa ba, Baba. Na cikin na'urar ne. DC offset ake ce masa. Ita na'urar tana yin nata kaɗawar a ciki don ta kamo tashar da aka nema. To kaɗan daga ciki yana zurarewa ya dawo mata ta ƙofar shiga, ta ji kanta da kanta. Sai ya zama 'yar wuta tsayayya, ba ta hawa ba ta sauka, kwamfuta kuma ta zana ta a tsakiya kamar tasha. Kowace lamba ka rubuta, a kanta zai zauna."

Ya ce, "Amma ya ƙaru da na doshi gidan."

"A rana ka tafi da ita?"

"A rana."

"In ta yi zafi yana canjawa. Da gabas ka nufa maimakon yamma, da a ƙofar wani gidan zai ƙaru."

Ta kai hannu gefen allon inda wani ɗan akwati yake, ta danna. Tsinken ya nutse, wurin ya zama fili. Ta ce kwamfutar tana auna wannan tsayayyar wutar ne ta debe ta, shi ke nan gyaran. Ta ce, "Kamar mitarka ce ta awo. In allura ba ta kan sifili tun ba a auna komai ba, ai sai ka murɗa 'yar ƙusar nan ka maido ta."

Ba ta buƙatar ta ƙarasa. Shekara arba'in ke nan, kullum ya buɗe rumfa abin da yake fara yi ke nan, ya duba allurar mita ko tana kan sifili. Malam Mikail ya taɓa ƙwace mita daga hannunsa saboda ya manta. Ya zauna yana kallon filin allon. Ya kasa duban 'yarsa. Ya kasa duban matarsa.

Bahijja ta ce, "Shi ne abin da na so in nuna maka ranar da zan tafi. Laifina ne da ban tsaya ba."

Ya ce, "Ba laifinki ba ne."

Ya rufe kwamfutar ya shiga ɗaki.

Da azahar ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi masallaci, ya karɓi mabuɗi wajen ladan. Wannan karon bai gwada ya tafi ba. Ya kunna komai ya zauna yana jira. Risibar makirufon, wato akwatin da ke karɓar muryar daga iska, an ɗora ta ne a kan amfilifaya cikin wata durowar katako da ake kullewa. Bayan rabin sa'a ya sa hannu ya ji kamar murfin tukunya. Ya kwance ta, ya ɗora mitarsa a inda murya ke fitowa. Da sanyi allurar tana tsaye inda ya kamata. Da zafi ya kama sai ya ga tana gocewa gefe a hankali, har ta kai inda akwatin ke ɗauka babu kowa a layi, ya yanke sautin. Ciwon da ya sha gyarawa ne a rediyon da, tun kafin a haifi Bahijja. Ya canja wata 'yar ƙwaya da zafi ya gajiyar, ya murɗa zuciyar koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke ciki, da tsinken roba har allura ta dawo mazauninta, ya fito da risibar daga durowa ya ɗora ta a kan taga. Aikin duka bai kai sa'a guda ba.

Ran nan aka yi tafsiri daga farko har addu'a, murya ba ta ko girgiza ba. Da aka fito Alhaji Hashim ya kama hannunsa yana sa albarka. Wani daga baya ya ce, "Babarbaren ya ji tsoro ya kashe abinsa." Aka yi 'yar dariya. Malam Isyaku ya buɗe baki, ya ga fuskoki suna kallonsa da girmamawa, sai ya ce, "Allah ya kyauta," ya sa takalmansa.

Kwana tara ya yi da abin a cikinsa. Aka yi salla, ya sa sabuwar riga, ya je idi, ya dawo ya kasa cin tuwon salla. In zai fita kasuwa sai ya leƙa lungu tukuna. Rana ɗaya ya hango Malam Abdulbaqi yana shanya huluna a kan dakali, ya juya ya koma gida kamar ya yi mantuwa. Bahijja ba ta sake tayar da zancen ba. Ranar da za ta koma, ta durƙusa ta yi masa sallama, ta ce, "Baba, na bar akwatin nan a danne. Tsinken ba zai sake fitowa ba." Ta tashi kamar da sauran magana a bakinta.

Ladi ce ta faɗa. Ta kawo masa koko da safe, ta zauna a bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Malam, shekara ashirin da shida Turai tana aiko min da turaren salla. Bana ma ta aiko. Na rasa inda zan sa fuskata, ko tukwici na kasa bayarwa. Ni ban san rediyo ba, amma ina zaune yarinyar nan ta cire eriya."

Ya ajiye ludayin. Ya ce, "Na ji."

Da hantsin nan ya tafi gidan ƙarshen lungu. Ya tarar da Malam Abdulbaqi a zaure yana ɗora huluna a kan kawunan itace. Suka gaisa gaisuwar da ba ta da tsawo. Malam Isyaku bai hau tabarma ba, ya tsuguna a ƙasa kusa da ƙofa. Ya faɗi komai, bai rage ba: tsinken na cikin na'urarsa ne, ciwon na akwatin masallaci ne, ya gyara tun kafin salla ya yi shiru, kuma maganar ta ɗaki shi ya fara faɗinta.

Malam Abdulbaqi bai daina aikinsa ba har ya gama ji. Sannan ya ce, "Na'urar ban san ta ba, ba zan ce komai a kanta ba. Amma ranar na tambaye ka a gaban mutane. Kai ka gyara rediyon nan da hannunka."

"Haka ne."

"To shi ne abin da ya tsaya min."

Malam Isyaku ya ce, "Ka yafe min don Allah."

Malam Abdulbaqi ya ce, "Na yafe. Sai dai ba a zauren nan aka ɓata ni ba."

"Yau da la'asar zan faɗa a masallaci."

"Ka faɗa. Ni ba zan zo ba."

Malam Isyaku ya nemi izini ya gaida Iya. Aka yi masa iso. Tsohuwar tana zaune a bakin gado, rediyon yana gefenta an rufe shi da ɗankwali. Da ta ji sunansa sai fuskarta ta saki.

Ta ce, "Isyaku mai rediyo? Allah ya kawo ka. Tun cikin azumi abin nan ya lalace, sai shuu yake yi. Na ce a kai maka, Abdulbaqi ya ce aiki ya yi maka yawa."

Ashe ba a gaya mata ba. Ya juya ya dubi Malam Abdulbaqi, shi kuma ya kau da kai. Malam Isyaku ya ce, "Zan duba shi, Iya."

Da la'asar, liman yana sallamewa Malam Isyaku ya miƙe tsaye. Bai taɓa magana a gaban jama'a ba. Ya ƙi karɓar makirufo, sai ladan ya ce ai matan gida ma sun ji ta farko, ya kamata su ji wannan. Ya karɓa. Ya maimaita abin da ya faɗa a zaure, muryarsa tana fita ta kan soro har ƙarshen lungu. Alhaji Hashim ya so ya sassauta masa, ya ce ai kayan zamani ne, kowa suna iya ruɗarsa.

Malam Isyaku ya ce, "A'a, Alhaji. Na'ura layi ta nuna, ba ta kira sunan kowa ba. Ni na kira. Kuma na san rediyon tsohuwa ba ya aika magana, na sani tun ranar."

Wasu suka sunkuyar da kai, don sun san abin da bakinsu ya ƙara a kai. Bayan an fito dattawa huɗu suka bi Alhaji Hashim zuwa gidan Barebari, suka mayar da gorar da wayar da ke jingine a bayan masallaci tun ranar.

Malam Abdulbaqi ya karɓi haƙurinsu, amma ya ce gora ba za ta sake hawa soronsa ba. Sai da Malam Isyaku ya yi zuwa uku kafin ya yarda a ja wayar a cikin tsakar gida, ƙasa da katanga, inda ba mai gani daga waje. Ya ja ta daga bishiyar darbejiya zuwa tagar Iya, ya zagaya da ita sau biyu don ta yi tsawo. Shirin ya dawo, amma ba kamar da ba. Muryar tana zuwa tana tafiya, sai tsohuwar ta kara rediyon a kunne. Ta yi ta sa masa albarka, shi kuwa kowace albarka kamar ana ɗora masa dutse.

Zancen bai mutu gaba ɗaya ba. Har yanzu akwai mai cewa maganar dai aka kashe, dattawa suka rufa asiri. Duk wanda ya faɗi haka a kunnen Malam Isyaku, sai ya ajiye abin da yake yi ya ba shi labarin daga farko, da sunansa a matsayin mai laifi. A kasuwa ma wasu sun rage ɗaukar maganarsa yadda suke yi da, shi kuma bai yi jayayya da hakan ba. Yanzu in aka kawo masa aiki ba ya faɗin ciwon daga ji. Sai ya kwance, ya auna, ya bar abin ya yi zafi ya sake aunawa.

Malam Abdulbaqi ya dawo masallacin lungu bayan babbar salla. Suna gaisawa, suna tambayar iyali, ba ya wuce haka. Bara ya aurar da 'yarsa, ya ɗauko mai lasifika daga Gwale. An gayyaci Malam Isyaku kamar kowa, ya zo ya zauna can baya a gefen tabarma. Tun kafin a fara lasifikar take wani ƙugi, ya san wayar ƙasa ce ta saki, amma bai motsa ba. Mai kayan ya yi ta murɗe-murɗe abin ya ƙi. Can sai Malam Abdulbaqi ya ratso mutane ya tsaya a kansa.

Ya ce, "Malam Isyaku, kana jin wannan ƙugin kana zaune?"

Ya tashi ya je ya ɗaure wayar, ƙugin ya ɗauke. Malam Abdulbaqi ya ce, "Madalla," ya koma wajen baƙinsa. Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, Malam Isyaku ya karɓi dabino biyu da goro ɗaya ya wuce kasuwa.